Jatan lande a tukunyar gida: saye, gyara da dafuwa a garin da ke nesa da teku

A gidaje da dama na unguwar Limawa da ke ƙaramar hukumar Chanchaga, a tsakiyar Minna babban birnin Jihar Neja, garin kirefish ya daɗe da zama ɗan gida. Ana barbaɗa shi a miyar agushi, a dafa-duka, a faten doya da alale, kuma ba kowa ya san cewa abin da yake barbaɗawa jatan lande ne da aka busar ba. Wanda har yanzu yake baƙo shi ne ɗan uwansa babba, ɗanye, mai zuwa a daskare cikin leda ko kwali, wanda ake gani a firizar manyan shaguna da ta masu sayar da kifin ƙanƙara.

Tsakanin Minna da bakin teku akwai tafiyar sama da kilomita 500, kuma jatan lande na cikin abincin da ke saurin lalacewa fiye da nama, fiye ma da yawancin kifaye. Wannan nisa shi ne tushen kusan duk abin da mai saye yake buƙatar sani. Abu biyu ke raba wanda ya ci riba da wanda ya yi asarar kuɗi ko ya kwantar da iyalinsa: sanyin da bai yanke ba tun daga jirgin ruwa har zuwa madafa, da kuma wutar da ba ta wuce mintuna kaɗan ba.

Wace irin halitta ce

Jatan lande ba kifi ba ne, dangin ƙaguwa ne. Ba shi da ƙashi a ciki, ɓawon da ya lulluɓe shi ne ƙashinsa, kuma yana da ƙafafun tafiya guda goma. Abin da ake kira kansa ya haɗa kai da ƙirji wuri ɗaya. A nan zuciyarsa take, da tumbinsa, da wani sashe mai aikin hanta. Naman da ake ci yana wutsiya. Ɗanyensa toka-toka ne ko ruwan ƙasa, wani ma da ratsin baƙi, sai ya ji wuta yake rikiɗewa zuwa ja. Dalili shi ne akwai wani sinadarin launi mai suna astazantin a ɓawonsa wanda furotin ke riƙe da shi, zafi na warware furotin ɗin sai jan ya bayyana.

Gaɓar tekun Najeriya ta kai kimanin kilomita 853, daga Legas zuwa Kuros Riba, kuma a cikinta ake kama nau'o'in da suka fi shiga kasuwa. Akwai mai ruwan hoda da masana ke kira Penaeus notialis, wanda ya daɗe yana kan gaba a kamun manyan jiragen ruwa. Akwai babba mai ratsi-ratsi kamar damisa, Penaeus monodon, wanda asalinsa daga tekunan Asiya ne, ya fara bayyana a ruwayen Najeriya wajen ƙarshen shekarun 1990, yanzu kuma shi ne mafi tsada. Kaso mai yawa na waɗannan biyun daskarar da shi ake yi tun a cikin jirgi a fitar da shi Turai, abin da ya sa farashinsa a gida yake bin na kasuwar waje. Sai ƙarami mai suna Nematopalaemon hastatus, wanda masunta ke kwasa da taru a bakin koguna da gefen teku. Shi ne yawancin kirefish ɗin da ake busarwa a Oron da Ibaka da Ibeno a Jihar Akwa Ibom, da sassan Kuros Riba, a ɗura a buhu a yo Arewa da shi.

A duniya kuwa fiye da rabin jatan landen da ake ci kiwata shi ake yi a tafkuna, musamman a Sin da Ekwado da Indiya da Biyetnam da Indunusiya. Na Najeriya mafi yawansa kamun ruwa ne.

Jihar koguna mai sayensa daga nesa

Mai tambaya zai iya cewa yaya jihar da kogin Neja da kogin Kaduna suka ratsa, wadda ke da tafkin Kainji da na Shiroro, take jiran jatan lande daga Legas ko Akwa Ibom. Amsar tana cikin rayuwar halittar kanta. Akwai jatan landen ruwan daɗi a Afirka ta Yamma, babba mai dogayen hannuwa, Macrobrachium vollenhovenii, amma 'ya'yansa ba sa girma sai a ruwa mai ɗan gishiri, inda kogi ke haɗuwa da teku. Daga can suke hawowa su bi kogi sama. Duk nisan da aka ƙara yi daga bakin teku yawansu raguwa yake, madatsar ruwa kuma shinge ce a gare su. Jihar Neja tana da irin waɗannan madatsu har huɗu: Kainji da aka kammala a 1968 da Jebba a kan kogin Neja, Shiroro ta 1990 da Zungeru a kan kogin Kaduna. Shi ya sa kasuwannin bakin ruwa irin su Katcha da Zumba suka yi suna a tarwaɗa da karfasa da giwan ruwa da bandar kifi, ba a jatan lande ba.

Abin da ya faru a Senegal ya nuna cewa lamarin bai tsaya ga tukunya kawai ba. Bayan an kammala madatsar Diama a kusa da bakin kogin Senegal a 1986, jatan landen kogin ya yi ƙaranci ƙwarai a saman madatsar. Shi kuwa yana cin dodon koɗin ruwa da ke ɗauke da tsutsar tsargiya. Dodon koɗi ya yawaita, cutar ta bazu a garuruwan yankin. Wani bincike da aka wallafa a 2015 ya nuna cewa mayar da jatan landen a mashigar ruwa ta ƙauyen Lampsar ya rage dodon koɗin da kuma nauyin cutar a jikin mutane.

Hukuncin cinsa

Tambayar da ta fi yawa a bakin wanda bai saba da shi ba ita ce ko ya halatta, ganin kamanninsa sun fi kusa da na ƙwaro. A mazhabar Malikiyya, wadda mafi yawan Musulmin Afirka ta Yamma ke bi, dabbobin ruwa halal ne kuma ba sa buƙatar yanka. Shafi'iyya da Hanbaliyya su ma sun halatta jatan lande. Hanafiyya ce ta taƙaita halaccin a kan kifi, malamanta kuma suka saɓa a kan ko jatan lande yana shiga cikin kifi ko ba ya shiga.

Busasshe

Ga gidan da ba shi da tabbacin wuta, busasshe ne ya fi dacewa, kuma shi ne ake samu ba wahala a Kasuwar Kure da Kasuwar Gwari da sauran kasuwannin Minna, ana auna shi da gwangwani ko mudu ko robar fenti. Mai kyau yana da haske, launinsa tsakanin ja da ruwan goro, yana ƙamshin hayaƙi da teku, idan aka murza shi kuma yana karyewa ƙaras. Wanda ya yi laushi ko yake mannewa a hannu ya sha danshi, kuma danshi ne mafarin fumfuna. Warin fitsari mai hawa hanci alama ce ta ruɓa.

Ya kamata mai saye ya zura hannu har ƙasan buhu ko tire, domin nan yashi da ɓawo da gutsattsarin ƙaguwa ke taruwa, wani lokaci ma manya ake jerawa a sama. Nikakke ya fi sauƙin aiki, amma a cikinsa ne algus ya fi samun wurin ɓuya, don ba a iya bambance naman da ɓawo da ƙura bayan an niƙa. Sayen tsaba a niƙa a gida ya fi kwanciyar rai.

Akwai wani haɗari da ya fi yashi muni. Wasu masu ajiyar busasshen kifi da wake suna yayyafa maganin ƙwari mai sinadarin daikulobos don hana ƙwari shiga, kuma hukumar NAFDAC ta sha gargaɗi cewa wannan guba ce da ba a yarda a sa wa abinci ba. Duk kirefish ɗin da ke tashin warin magani, ko wanda ƙuda ke kewaye wa alhali suna sauka a kan na kusa da shi, barinsa ya fi.

A gida a tsince shi, a sheƙe, a ɗauraye da sauri cikin ruwa mai yawa yadda yashi zai kwanta a ƙasa, sannan a shanya har ya bushe sarai kafin a daka. Wasu na ɗan soya shi sama-sama a busasshen kasko, wanda hakan ke fito da ƙamshinsa ya kuma kore sauran danshi. A zuba a kwalba mai murfi a ajiye inda babu laima. Da rani yana yin watanni. Da damina, wadda a Minna take ɗaukar kusan rabin shekara, gara a riƙa sayen kaɗan-kaɗan.

Daskararre

A nan ne kuɗi ke tafiya, a nan kuma kuskure ya fi tsada. Abin da ya kamata a fara sani shi ne, a gari irin Minna, daskararre ya fi wanda aka baza a tire ana cewa sabo ne. Jatan landen da aka daskarar a jirgi sa'o'i kaɗan bayan kama shi yana riƙe ingancinsa na watanni. Wanda aka baza a fili kuwa galibi daskararre ne da aka narkar, kuma ba wanda ya san tun yaushe.

Leda ko kwalin da za a saya ya kasance da tauri kamar dutse, ba yage ba, da kwanan wata a jiki. Idan irin wanda aka daskarar ɗaiɗai ne, ya kamata a ji suna motsi a cikin ledar idan an girgiza. Idan sun manne sun zama dunƙule ɗaya, ko aka ga ruwa mai launi ya daskare a kusurwar leda, to ya taɓa narkewa aka sake daskarar da shi. Farin tabo busasshe a jikin naman yana nuna ya daɗe a firiza iska ta ƙona shi. Ba ya cutarwa, amma zai yi tauri ya rasa daɗi. Baƙin ɗigo a ɓawo, musamman wajen kai da ƙafafu, aikin wani sinadari ne na jikinsa idan ya haɗu da iska. Shi kansa ba guba ba ne, sai dai yana ba da labarin cewa an yi jinkiri kafin a sanyaya. Idan baƙin ya ratsa har cikin nama, a haƙura. Ƙamshin mai kyau bai wuce na ruwan gishiri ba.

Lambobin da ake rubutawa a jikin leda, kamar 16/20 ko 31/40, suna nufin adadin ƙwayoyin da ke cikin nauyin fam ɗaya, wato giram 454, idan marar kai ne. Masu kai kuma sau da yawa a kan kilo ake ƙirga su. Ƙaramar lamba tana nufin manya. Don miya da shinkafa matsakaita sun wadatar, ba sai an biya kuɗin manya ba. Manyan gashi suka fi dacewa da shi.

Sai batun nauyi. Ana lulluɓe daskararren jatan lande da siririn ruwa mai ƙanƙara don kare shi daga bushewa, wanda abu ne mai kyau, amma wasu na cika shi har ya zama ƙanƙara ake sayar wa mutum da kuɗin nama. Kamfanin kirki yana rubuta nauyin kayan ba tare da ƙanƙarar ba. Haka kuma kai da ɓawo suna cin kusan rabin nauyi, don haka kilo ɗaya na mai kai ba ya ba da fiye da rabin kilo da ɗan ɗoriya na tsoka. Wannan ba asara ba ce ga wanda zai yi miya, domin a kai da ɓawo ne daɗin romo yake. Wanda aka riga aka dafa aka ɓare, mai launin ja a cikin leda, shi ne mafi ƙarancin amfani ga miya: ya riga ya nuna, kowane minti a wuta tauri kawai zai ƙara masa. Idan kuwa aka ga farashi ya faɗi ƙasa warwas ba dalili, a tuna araha ba ta ado.

Daga shago zuwa gida

A watan Maris da Afrilu zafin Minna yakan doshi digiri 40 a ma'aunin Salshiyas. Ƙa'idar masana tsaftar abinci ita ce kada ɗanyen kayan ruwa ya wuce sa'a biyu a waje, idan kuma zafi ya haura digiri 32, sa'a ɗaya. Don haka jatan lande shi ne na ƙarshe a cefane, a saka shi a kula da ƙanƙara, ko aƙalla a naɗe ledar da jarida mai kauri, a miƙe gida.

Firiza tana riƙe shi idan sanyinta ya kai digiri 18 ƙasa da sifiri. A firji kuwa, mai digiri 4 ko ƙasa, kwana ɗaya zuwa biyu ne iyakarsa. Ɗaukewar wuta ita ce babbar matsala: firizar da ke cike kuma ba a buɗe ta ba tana iya riƙe sanyi kimanin sa'o'i 48, mai rabi sa'o'i 24, firji kuma sa'o'i 4 kacal. Gidan da wutarsa ba ta da tabbas, dabarar da ta fi masa ita ce ya sayi daidai abin da za a dafa a ranar.

Narkarwa hanya biyu ce. Ko a sauko da shi cikin firji ya kwana a kwano mai murfi, ko a bar shi a ledarsa a nutsa cikin ruwan sanyi na minti 20 zuwa 30, ana canja ruwan. Ruwan zafi yana dafa wajen ya bar cikin a daskare, ajiyewa a rana kuma gayyata ce ga ƙwayoyin cuta, ciki har da nau'in bibriyo da ke rayuwa a ruwan teku mai ɗumi, mai haddasa gudawa da amai da murɗar ciki. Abin da ya narke sarai ba a mayar da shi firiza, dafa shi ake yi.

Gyara

A riƙe wutsiya da hannu ɗaya a murɗe kan da ɗayan, zai fita. A kula da ƙahon da ke goshinsa, yana da kaifi. Daga wajen ƙafafu ake fara ɓare ɓawon, ana iya barin ɗan fiffiken ƙarshen wutsiya idan soyawa ko gasawa za a yi, don a sami abin riƙewa. A bayan naman akwai baƙin zare, hanjinsa ne. A ɗan tsaga bayan da wuƙa, ko a soka tsinken sakace a ƙarƙashin zaren a jawo shi. A ƙanana ba dole ba ne, a manya kuwa yakan ɗauki yashi ya ɓata baki.

Idan mai kai aka saya kuma ba nan take za a dafa ba, a cire kan tun da wuri, domin sinadaran narkar da abinci da ke cikinsa suna zubowa su lalata naman ya yi taɓo-taɓo. A ɗauraye da ruwan sanyi, a tsane da tsumma mai tsabta. Lemon tsami yana rage ƙarni, amma ba ya kashe ƙwayoyin cuta, kuma idan ya wuce minti 15 a jiki yakan sauya naman. Wuƙa da katako da kwanon da suka taɓa ɗanye a wanke su da sabulu kafin su taɓa salak ko dafaffen abinci.

Wuta

Uwargidan da ta saba da naman shanu ko kan rago tana da al'adar barin tukunya ta yi ta tafasa har nama ya yi laushi. Jatan lande akasin haka yake. Matsakaici yana nuna cikin minti 2 zuwa 3, babba cikin 4 zuwa 5, bayan haka ƙanƙancewa yake yi ya zama kamar roba. Alamar nuna ita ce naman ya bar sheƙi irin na ɗanye ya yi fari da ratsin ja, ya lanƙwashe kamar jinjirin wata. Idan ya naɗe ya zama zobe, an wuce gona da iri. Mai ma'aunin zafi zai nemi digiri 63 a tsakiyar naman.

Wannan ƙa'ida ɗaya ce ke tafiyar da duk girke-girkensa. A soyayyar shinkafa ko taliya, a soya shi daban da tafarnuwa da citta da ɗan attarugu a mai mai zafi, minti ɗaya da rabi kowane gefe, a kwashe, sai an kusa saukewa a mayar. Kada a cika kaskon, don idan suka yi yawa ruwa suke fitarwa su dahu maimakon su soyu. Manya kuma suna karɓar yajin tsire ƙwarai: a shafa man gyaɗa da yaji, a jera a tsinke, a ɗora kan garwashi minti biyu kowane gefe.

Romon kai da ɓawo

Kafin a ɗora miya, a fara da abin da yawanci ake zubarwa. A zuba mai cokali biyu a tukunya, a soya kawuna da ɓawon rabin kilo har su yi ja su fara ƙamshi, ana danna kawunan da ludayi don ruwan cikinsu ya fito. A zuba rabin albasa da ɗan citta da ruwa lita ɗaya da rabi, a bar shi yana tafasa a hankali na minti 20, a tace da rariya mai ƙananan ido. Daɗewa fiye da haka ba ya ƙara masa komai. Wannan romo yana iya maye gurbin rabin dunƙulen ɗanɗanon da aka saba sawa, kuma shi ne ke sa jatan lande kaɗan ya ji a tukunyar mutum shida.

Miyar masunta

Wannan miya ta mutanen Ribas da Akwa Ibom da Kuros Riba ce, inda masunci ke jefa abin da ya kamo a ranar cikin tukunya ɗaya: kifi, ƙaguwa, jatan lande da ƙananan dodon koɗin bakin teku. A Minna ba duka ake samu ba, kuma ba dole ba ne. Ɗanyar tarwaɗa ta gida da jatan lande sun isa, ƙaguwa ƙari ce idan an same ta da rai ko a daskare. Matacciyar da ba a sanyaya ba ba a kusantar ta.

Ga mutum shida ana buƙatar tarwaɗa kilo ɗaya, gyararren jatan lande daga rabin kilo zuwa kilo ɗaya gwargwadon hali, manja ludayi ɗaya, albasa biyu, tattasai biyu, attarugu uku ko huɗu, ƙananan gwaza huɗu, garin kirefish cokali biyu, daddawa kaɗan, gishiri, da ganyen ɗoɗɗoya ko na uziza.

A dafa gwazar da ɓawonta har ta yi laushi, a ɓare a kirɓa. Ita ce za ta ɗaure miyar. A yanka tarwaɗa, a zuba mata ruwan zafi na ɗan lokaci, a kankare yauƙin, a ɗauraye; ruwan zafin yana kuma ƙarfafa naman don kada ya dagargaje. A narkar da manja ba tare da an bari ya yi hayaƙi ba, a soya albasa da jajjagen tattasai da attarugu na minti 5 zuwa 7, a juye romon ɓawo, a sa daddawa da kirefish da gishiri. Idan ya tafasa a jefa gwazar gutsure-gutsure, a bari ta narke.

Daga nan tsari ne na wanda ya fi daɗewa a wuta shi ke fara shiga. Ƙaguwa ta fara, a ba ta minti biyar, sannan tarwaɗa ta bi, a rage wuta a rufe na minti 10 zuwa 12. Ba a juya miyar da ludayi bayan kifi ya shiga, tukunyar ake riƙewa a kaɗa a hankali. Jatan lande da ganye su ne na ƙarshe: minti uku, a kashe wuta, a bar murfi a rufe na wasu mintuna biyu, zafin romon zai ƙarasa aikin. Minna ƙasar doya ce, kuma sakwara ce abokiyar wannan miya ta farko. Tuwon shinkafa ma yana ɗaukar ta.

Wanda ya fi son kuɓewa zai bar gwaza, ya sa yankakkiyar ɗanyar kuɓewa bayan kifi ya kusa nuna, ya bar tukunya a buɗe, jatan lande ya biyo baya da minti biyu. Farfesu kuwa ba manja ba gwaza: romon ɓawo, citta, masoro, kimba, gyaɗar ƙamshi, attarugu da ɗoɗɗoya, a kan tsari ɗaya. Idan ɗanyen ya gagara saboda tsada, manyan busassu da aka jiƙa a ruwan ɗumi na minti 15 suna ba da miya mai daɗi, ko da yake ɗanɗanon hayaƙi ne zai rinjaya, su kuma da wuri ake sa su.

Amfani da abin kiyayewa

Giram 100 na dafaffen jatan lande yana da kimanin giram 24 na furotin da ƙasa da giram ɗaya na kitse, ga sinadaran ayodin da seleniyam da bitamin B12. Kwalastarol ɗinsa yana da yawa, kusan miligiram 190, amma da yake kitse mai daskarewa ba shi da yawa a cikinsa, ci daidai misali ba ya zama matsala ga yawancin mutane. Yana cikin kayan ruwa masu ƙarancin sinadarin makuri, don haka mai juna biyu tana iya cin wanda ya nuna sosai. Busasshe da ake dakawa da ɓawonsa yana ƙara kalsiyam, sai dai yakan zo da gishiri, abin lura ga mai hawan jini.

Babban abin tsoro shi ne rashin jituwar jiki da shi. Jatan lande da ƙaguwa suna cikin abincin da suka fi tayar da borin jini a duniya, kuma abin yakan bayyana ko da mutum ya girma. Furotin ɗin da ke haddasa shi, turofomayosin, wuta ba ta kashe shi, yana nan a busasshe da nikakke da romo, har tururin tukunya yakan taɓa wasu. Alamun suna zuwa cikin mintuna zuwa sa'a biyu: ƙaiƙayi, ƙuraje, kumburin leɓe ko ido, amai. Idan aka ga kumburin harshe ko maƙogwaro, shaƙewar murya, numfashi da ƙyar ko jiri, a garzaya asibiti mafi kusa nan take, domin allurar adirenalin ce maganinsa, ba manja ko madara ba. Wanda ya taɓa yin haka ya guje shi gaba ɗaya, ya riƙa tambaya kafin ya ci miyar biki ko ta gidan abinci, don garin kirefish ba ya ganuwa a cikinta. Wasu kamfanoni kuma suna sa sinadarin salfayit don hana baƙin ɗigo, wanda kan tayar wa wasu masu asma da ciwonsu. Ana rubuta shi a jikin leda.

Ragowar miya ba a barin ta ta kwana a kan murhu da niyyar ɗumame kamar miyar kuka. A juye ta a kwano marar zurfi ta huce da sauri, ta shiga firji kafin sa'a biyu, a cinye cikin kwana biyu. Wajen ɗumamawa a tsame jatan landen gefe, a tafasa romon da kifin sosai, sannan a mayar da shi na minti ɗaya zuwa biyu har zafi ya ratsa shi. Idan babu wuta a daren, a raba wa maƙwabta tun tana da zafi.